Muryar Kawu a Cikin Garken Shanu

Ranar wata Talata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, mako biyu bayan an gama cirar albasa, mu uku ne a ɗakin kawuna a Aliero. Kawu yana kishingiɗe a kan buzu. Ni ina zaune bakin ƙofa da 'yar rikodata, wadda ban rabu da ita ba tun da na yi ritaya daga aikin rediyo. Ta ukunmu ɗiyar ƙanena ce, malamar kwamfuta a wata babbar makaranta, ta ɗora na'urarta a cinya.

Kawu maɗori ne, haka ubansa, haka kakansa. Aikin hannu, wato jan ƙashi da daidaita shi da jera karare a ɗaure, duk wanda ya tashi a gidan ya gani ya koya. Amma akwai sauran abin da ba a gani: haɗin da ake shafawa, da abin da ake faɗa kafin a taɓa mai karaya. A al'adar gidan, mutum ɗaya ake faɗa wa wannan, baki da kunne, kuma sai mai shi ya ji tafiya ta matso. Ba a rubuta shi a takarda.

Wanda Kawu ya zaɓa babban ɗansa ne, taubashina, wanda a lokacin yake tuƙin manyan motoci a wata ƙasar Larabawa. Saura shekara guda yarjejeniyar aikinsa ta ƙare. Ƙirjin Kawu kuwa ya riga ya faɗa masa cewa ba zai kai ba.

Na ce a kira shi a waya. Kawu ya girgiza kai.

"Waya iska ta. Wa ya san kunne nawa ke bisa hanya? Kuma ba a gadon mai rai. Sai na kwanta dama zai ji."

Na ce to a ɗauki muryar a kulle ta da lambobin sirri, a ajiye.

"Ɗan rediyo, akwati mai kwaɗo kowa ya gane shi ya san da kaya ciki. Ranar da anka rufe ni, ranar ƙannenshi za su fara biɗar mabuɗi. Gida ya rabe ke nan."

A nan ɗiyata ta sa baki. Tsakaninta da shi wasan jika da kaka ne, ba ta jin nauyinsa yadda nake ji.

"Kaka, in babu akwatin fa? In aka sa muryar inda kowa zai kalla, amma babu wanda zai san tana nan?"

"Amarya, tuwo kin kasa tuƙa min, yanzu dabo za ki koya min?"

"Kai da ba ka da haƙoran cin tuwon? Saurara dai."

Abin da ta faɗa na rubuta shi a littafina a ranar, don ban taɓa jin irinsa ba. Ta ce bidiyon da ke cikin waya ba hotuna ba ne cikakku a jere, kamar yadda nake zato. Da haka ne, da babu wayar da za ta ɗauke shi. Na'ura takan ajiye hoto ɗaya cikakke, daga nan sai ta riƙa lissafa abin da ya motsa kawai: wannan gefen ya matsa dama kaɗan, wancan ya ƙara duhu kaɗan. Abin da ido ba zai lura da shi ba kuwa zubar da shi take yi. Wannan shi ne matse bidiyo.

"Gabu," in ji Kawu. "A kirɓa ganyen albasa, a shanya, ruwa ya tahi, ƙanshi ya zamna."

Ta ce haka ne. Sannan ta ce a cikin wannan lissafi akwai wurare dubbai da na'ura za ta iya rubuta shida ko ta rubuta bakwai, ido bai ga bambanci ba. Idan mutum ya karɓe zaɓin daga hannun na'ura, ya ce nan shida, can bakwai, bisa tsarin da shi kaɗai ya sani, to yana iya rubuta saƙo da su. Muryar mutum ma, in an matse ta, lambobi ce. Sai a watsa ta ɗigo-ɗigo a cikin motsin hoton. Mai mabuɗi ne kawai zai san inda zai bi ya tsince ta.

Shekara talatin na yi ina yanka faifai da reza, ina haɗawa da salatif, daga baya na koyi yi da kwamfuta. A iya sanina, sauti yana gefensa, hoto yana gefensa. Ban taɓa tunanin murya za ta iya zama a cikin jikin hoton kansa ba.

Kawu ya tashi zaune a kan buzu. Sannan ya kafa sharaɗi uku. Kada kowa ya saurara, har mu biyun. Kada ɗansa ya buɗe sai bayan ransa. Kuma da zarar ɗan ya ce saƙo ya iso, a hallaka duk wani kwafi da ke ƙasar nan. Muka yi alkawari. Mabuɗin shi ya zaɓa, ya raɗa wa ɗiyata a kunne: sunan da kakar taubashina take kiransa da shi yana yaro.

Na ɗora makirfo a kan matashinsa, na ja doguwar waya har gindin darbejiyar tsakar gida, muka ja masa ƙofa. A duk rayuwar aikina ban taɓa ɗaukar murya ba tare da abin saurare a kunnena ba. Ranar na rataye shi a wuya, na zuba wa 'yar fitilar rikoda ido. Koriya ce, tana hawa tana sauka da maganarsa. A minti na bakwai ta haura ja sau uku a jere, na san tari ne. Sai ta kwanta, ta yi kusan minti guda ba ta motsa ba, har na yunƙura zan tashi, sai ta ci gaba. Minti goma sha biyu da daƙiƙa arba'in. Na rubuta, don sabo.

Sai neman hoton da za a zuba muryar a ciki. Na ce a ɗauki Kawu yana zaune. Ɗiyata ta ce a'a: bango da tsoho mai zaman shiru ba su da wurin ɓuya. Tana son abin da ko'ina nasa ke motsi.

Ranar Alhamis da hantsi muka same shi a mashigin gulbi wajen Kimba. Wani makiyayi ne zai ƙetare da garkensa, wata jar saniya mai dogon ƙaho tana gaba. Na nemi izninsa. Ya ce mutumin Sarandosa ne, kuma in dai zan ba shi hoton shanunsa, in ɗauka har rana ta faɗi. Na ce zan ba shi. Shanun suka shiga ruwa, ƙafafu da wutsiyoyi da ƙahoni, ruwa yana fantsama yana ƙyalli. Ɗiyata tana bayana tana cewa, "Yauwa, yauwa," kamar mai auna hatsi ta ga buhu mai faɗi.

Kwana biyu ta yi a kan aikin, ta kashe lasifikar kwamfutarta. Ranar Asabar ta zo gidana a unguwar Jega Magaji ta nuna min bidiyo biyu gefe da gefe, na asali da mai ɗauke da murya. Na kalla sau huɗu. Na tsayar da su a kan idon jar saniyar, na tsayar a kan ruwa. Ni da ake biya don in kama kuskuren da wasu ba su kama ba, ban ga komai ba. Kawuna yana cikin ruwan nan yana magana, ni kuwa shanu nake gani.

Ta goge na asalin, ta sa min ɗayan a kati, ta rubuta nauyinsa a littafinta har lamba ta ƙarshe. Za ta koma makaranta a ranar, don haka turawa ta rage gare ni.

"Baffa, kada ka tura shi a matsayin bidiyo. Ka tura shi a matsayin fayil, yadda ake tura takarda. Ka ji?"

"Ke, tun ba a haife ki ba nake aika sauti ta iska."

Na gwada yadda ta ce. Layin ya yi nauyi, abin ya tsaya a rabi, ya koma farko, har sau uku. Sai na gwada ɗaya hanyar, wadda kowa ke tura bidiyon biki da ita. Cikin 'yan mintoci ya tafi. Na buɗe wanda ya tafin na kalla: ga jar saniya, ga ruwa, babu abin da ya ragu. Na ce a raina ai duk ɗaya ne. Da yamma taubashina ya aiko da murya yana dariya.

"Shanu sun iso lahiya, ɗan mace. Ashe kana da amfani."

Kafin in koma Aliero, na haɗu da makiyayin nan a kasuwar Jega. Shi ya gane ni.

"Mai rediyo! Ina shanuna? Ko kun saida su?"

Kwafi ɗaya ne a wayata, kuma shi ne wanda aka ce kada a ba kowa. Amma a aikinmu, wanda ka ɗauka ka yi masa alkawari, ka cika. Na ce a raina, me zai gani in ba shanunsa ba? Muka haɗa wayoyinmu a gefen rumfar masu igiya, ya shige tasa kai tsaye. Ban faɗa wa kowa ba.

Washegari Kawu ya karɓi katin da hannunsa ya jefa cikin garwashin kasko. Ya sa na goge na wayata da na rikodata yana kallo. Ɗiyata ta aiko cewa ita ma ta share nata.

Kawu ya rasu da tsakiyar damina. Taubashina bai samu dawowa ba sai bayan girbi, kuma ya ce ba zai ji muryar ubansa a ƙasar wasu ba. Kwana uku da isowarsa, da safe, muka zauna a falona mu uku. Ɗiyata ta ɗauki bidiyon daga wayarsa, ya rubuta mabuɗin da kansa, ya sa abin saurare a kunne.

Babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Ta ce ya duba rubutun sunan, ya duba. Sai ta buɗe littafinta, ta dubi lambar da ta rubuta, ta dubi allon kwamfuta. Nauyin bidiyon bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wanda ta ba ni ba.

"Baffa, ta wace hanya ka tura?"

Na faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce hanyar da na bi ba kai kaya kawai take yi ba, sake matse su take yi don su yi sauƙin tafiya. Ta warware lissafin duka ta sake nata. Duk inda aka zaɓi shida ko bakwai da gangan, ita ta zaɓi abin da ta ga dama. Shanun sun isa, don su ido ke gani. Muryar ta zube a hanya.

Taubashina ya cire abin sauraren ya ajiye a kan tebur a hankali. Ya ce tun jiya akwai wani manomi kwance a zauren gidansu da karayar cinya, danginsa sun ƙi tafiya ko'ina, sun ce ɗan maɗori ya dawo.

"Hannu ina da shi," in ji shi. "Saura ya tahi da mai shi. Ba komi, Yaya. Haka Allah Ya so."

Tun muna yara bai taɓa ce min Yaya ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Sai na faɗi laifina na biyu. Na ce akwai wani kwafi, na ba wani makiyayi a kasuwa, na karya sharaɗin Kawu tun kafin a ƙona katin. Ɗiyata ta miƙe tsaye.

"Ta layi ka tura masa, ko waya da waya?"

"Waya da waya."

"To wannan ba ya taɓa lissafi. Yadda yake haka yake shiga. Baffa, ina mutumin yake?"

Ban san sunansa ba. Abin da na sani Sarandosa, da jar saniya mai dogon ƙaho.

Muka shiga mota zuwa Maiyama, daga nan muka hau babura. A ruga ta farko aka ce ba su san shi ba. A ta biyu na nuna wa wata dattijuwa mai tallan nono bidiyon da ke wayar taubashina. Ba ta dubi mutumin ba, shanun ta duba, ta nuna mana hanya da ludayi. Mun same shi wajen azahar, a gindin wata tsamiya, yana tufkar igiya.

Bayan gaisuwa na tambaye shi wayar.

"Wayar? Ai gulbi ya ci ta tun farkon damina."

Taubashina ya juya zai koma wajen babur.

"Amma in shanun kuka biɗa, suna nan."

Makiyayin ya sa hannu cikin rigarsa ya jawo wata 'yar jakar fata da ke rataye a wuyansa, ya kwance, ya fito da ƙullin leda. A ciki katin wayar ne, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ya ce da ya tsamo wayar ta mutu, amma wani mai gyara ya ce katin na da rai. Jar saniyar kuwa maciji ya sare ta bayan wata ɗaya, ta mutu. Uwarta ce gadonsa daga ubansa. Ba shi da inda zai sake ganinta tana tafiya sai a nan, shi ya sa bai yarda ya sa katin a wata waya ba, kada ita ma ta faɗa ruwa.

Da ƙyar ya ba ɗiyata, yana tsaye a kanta. Ta sa a kwamfuta a kan tabarma. Ta buɗe littafinta, ta bi lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ni ma ina bi ta bayan kafaɗarta. Sun yi daidai har ta ƙarshe.

Taubashina ya rubuta sunan. Ya sa abin saurare, ya juya mana baya, ya fuskanci gabas. Muka ja da baya, amma daga inda nake ina hango gefen allon. Rabinsa shanu ne suna shiga ruwa. A ƙasa akwai wani ɗan koren layi, sai na ga ya motsa.

Na duba agogona. Layin yana hawa yana sauka, kuma na san wannan hawa da saukar, na taɓa zama gindin darbejiya ina kallonsu. A minti na bakwai ya haura sau uku a jere. Sai ya kwanta. Na ga taubashina ya ɗago kai, ya kai hannu zai taɓa na'urar, yana zaton ta tsaya. Na ɗaga murya, na ce ya jira. Da minti ya kusa cika, layin ya ci gaba.

Na yi shekaru ina faɗa wa masu koyon aiki cewa murya iska ce, in ba ka kama ta ba ta tafi. Ga muryar mutumin da muka binne wata biyar da suka wuce, ta kwana cikin ƙafafun shanu, ta nutse a gulbi, ta yi yawo a wuyan wanda bai san da ita ba, kuma ko tarinsa bai ɓace ba. Ban san abin da Kawu ya faɗa ba, har yau. Tsawonsa kawai na sani.

Makiyayin ya matso kusa da ni, yana kallon bayan taubashina da ke rawa kaɗan-kaɗan.

"Mai rediyo, wanga mutum mi ya same shi? Saniyata ta, ni ban yi kuka haka ba."

Na ce ubansa ya rasu, kuma shanun sun tuna masa da shi. Ya gyaɗa kai, ya ce shanu suna yin haka.

Ɗiyata ta tambaye shi ko ya taɓa ba wani hoton. Ya yi dariya. Ya ce kafin wayar ta faɗa ruwa babu wanda bai karɓa ba: ƙannensa, surukansa, abokan kiwo da suka yi kudu da rani, wasu ma sun ƙetare iyaka. Duk waya da waya, don a daji babu layi. Muka dubi juna ni da ita. Kawu ya ƙona kati ɗaya a kasko don kada sirrinsa ya fita daga ɗaki, alhali muryarsa tana cikin aljihun mutanen da ba mu san adadinsu ba, suna kallonta a gindin itatuwa suna yaba ƙahon saniya. Cikinsu babu wanda ya san sunan da wata tsohuwa take kiran jikanta da shi.

Minti goma sha biyu da daƙiƙa arba'in, layin ya kwanta. Taubashina ya shafa addu'a. Ya sake saurara sau biyu, leɓunansa suna motsi. Sannan ya ce wa ɗiyata ta goge abin da ta fitar, ta goge yana kallo. Ya ɗauki katin da hannu biyu ya miƙa wa mai shi, ya yi masa godiya irin wadda makiyayin bai gane dalilinta ba.

A kan hanyar komawa wajen babura ya daki kafaɗata.

"Ɗan mace, amana biyu anka ba ka, ka ci duka biyun. Da guda ka ci, da mun shiga uku."

Mun isa Aliero bayan la'asar. Washegari da safe ya shiga daji shi kaɗai, ya dawo da abin da ya dawo da shi a cikin buhu, ya rufe ƙofar zaure shi da mai karayar cinya. Manomin ya taka ƙafarsa kafin a fara dashen albasa na biyu. Katin yana wuyan makiyayin har yanzu.